Shekarar da Na Soya Ƙasa

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar wata Talata, damina ta yi nisa, mu uku ne a ɗakin mahaifiyarku a gidanmu na Inkil: ni a tsaye da buta a hannu, Dada a kwance a kan gadonta tana fuskantar taga, sai babbar yayarku Zuwaira a durƙushe tana matse tsumman da ta goge mata jiki. Na san lokacin daidai domin sai na duba agogo nake zuba ruwa. Da na sunkuya kan bahon da ke ƙarƙashin taga, sai na tarar tsiron barkonon da na bari jiya a tsaye, fiye da rabinsu sun kwanta. Ganyensu kore shar, ko yaushi ba su yi ba. Amma gindin kowanne, daidai inda ya taɓa ƙasa, ya tsuke ya koma kamar zare, ya yi duhu, sai ka ce an murje shi da farce.

Kafin in faɗi abin da ya fito daga bakina a safiyar nan, sai na koma baya, domin ba na son labari a birkice.

Wannan barkono ba na kasuwa ba ne. Kakarku ce ta ƙulle irinsa a bakin zane ta ba Dada ranar da aka kawo ta gidana daga rugarsu ta bayan Gubi. Gajere ne, ɗan ƙuru-ƙuru, ƙamshinsa ya fi zafinsa. Na sha neman irinsa a kasuwar Wunti ban samu ba. Shekara talatin da takwas Dada tana shuka shi a bayan madafa, tana daka yajinta, tana ajiye irin a kwalba da ɗan toka. Ni ban taɓa sanin yadda take yi ba, ci kawai na sani. A shekarar da na bar aiki hawan jini ya kayar da ita, ɓarin damanta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Muka yi watanni tsakanin gida da asibiti. Awaki suka cinye na bayan madafa, yajin da ke gida ya ƙare, babu wanda ya lura. Da aka dawo da ita gida sai ta daina cin abinci, loma biyu ta kau da kai. Wata rana Zuwaira na ba ta tuwo, ta ture cokalin da hannun hagu, ta ce a hankali:

"Miyar nan ba tawa ba ce."

Ta sa aka ɗauko kwalbar. Abin da ya rage a ciki bai cika ƙaramin cokali ba, kuma ya kwana biyu a ajiye. A duk danginsu babu mai shi kuma, domin waɗanda suka rage a ruga sun tashi, na gari sun koma sayen na kasuwa. Idan wannan ya ƙare, ya ƙare ke nan. Na karɓi kwalbar na ce ni zan shuka. Na raba irin kashi uku a kan takarda, domin ban taɓa zuba dukan abu a wuri ɗaya ba. Na yanke shawarar in rene shi a cikin ɗakinta, saboda dalili uku: ruwan sama mai ƙarfi yana tumɓuke ƙaramin tsiro a waje, kaji ba su da amana, kuma ina so idan ta buɗe ido da safe ta ga wani abu nata yana girma.

Ku tuna irin aikin da na yi. Shekara talatin da uku a ma'aikatar ruwa ina buɗe wa gari ruwa ina rufewa a kan agogo, shi ya sa unguwa ke kirana Garba Famfo. A tsawon wannan lokaci mutane sun zo mini da ƙara iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce ruwa ya yi masa yawa ba. A wurina duk abin da ya mutu, rashin ruwa ne ya kashe shi. Na ɗauko tsohon bahon wanki, na cika shi da baƙar ƙasa ta bayan gida, na haɗa da ɗanyen kashin shanun da kawunku Buba ya aiko a buhu, na watsa kashi na farko a cunkushe. Ina ba shi ruwa shida na safe, sha biyu na rana, shida na yamma. Tagar kuwa a rufe take da labule tun ranar da aka dawo da Dada, domin na kafa doka kada iska ta taɓa ta. Rana ta goma sha ɗaya suka fito, Dada ta yi murmushi da rabin fuskarta. Kwana biyar bayan haka ne safiyar Talatar da na fara da ita.

Na miƙe na dubi Zuwaira. Ita ce ta bar gidan mijinta a Yelwa da 'ya'ya uku, kullum tana hawo keke tun da sassafe ta zo ta yi wa uwarta wanka. Na ce:

"Wa ya zuba ruwan sabulu a bahon nan?"

"Baba, ban taɓa shi ba."

"Bayan ni, ke kaɗai ke shigowa ɗakin nan da ruwa."

Ta dubi gadon. Dada ta juya fuskarta wajen bango. Kun san halin mutanensu da 'yar fari: ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ba ta shigar mata faɗa a gaban kowa, ko da mijinta ne. Zuwaira ta ɗauki bokitinta ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba," ta fita. Ranar Asabar da kuka zo duba jiki na maimaita maganar a tsakar gida. Sani, kai ne ka fara kiran yayarka Adda mai yi wa barkono wanka, kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Har yau ina jin jikoki suna faɗa. Ku bari. Ba ta zuba komai ba.

Sauran tsiron suka bi 'yan'uwansu cikin kwana biyu. Na shuka kashi na biyu a baho ɗaya, a ƙasa ɗaya, na ƙara taki. Na rubuta lokutan ban ruwa na manna a bango, na hana kowa matsowa kusa. Na kuma rufe bakin bahon da leda don kada laima ta gudu. Wata rana da azahar ina tsiyaya ruwa, Dada ta tattara ƙarfinta ta ce:

"Malam, ruwan ya yi yawa."

"Ke dai ki ji da jikinki," na ce mata. "Ruwa aikina ne."

Wannan karon waɗanda suka fito ba su kai rabin na farko ba, kuma ba su yi kwana huɗu a tsaye ba. Da na ɗaga ledar sai wani wari ya buso kamar na tsumman da aka manta a jiƙe, saman ƙasar ya yi fari-fari kamar yanar gizo. Babu wanda zan tuhuma. Na zauna a bakin gadonta da butar a tsakanin ƙafafuna, ban san iya daɗewar da na yi ba. Can na ji hannunta na hagu a kan gwiwata.

"Malam," ta ce, ta huta. "Zuwaira ba ta zuba komai ba."

Shekara talatin da shida da haihuwar yarinyar, ranar nan na fara jin sunanta a bakin uwarta. Sannan ta ce in kira mata Maman Bulus.

Kun san Maman Bulus, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, mutuniyar wajen Bogoro, wadda ke aiko mana da shinkafar Kirsimeti mu aika mata da naman layya. Abin da wataƙila ba ku sani ba shi ne ta yi shekara ashirin tana aiki a gandun renon itatuwa. Na san haka tun farko, girman kai ne ya hana ni tambayarta. Ta shigo ta gaishe da Dada, ta tsoma yatsa a ƙasar ta sansana, sannan ta ɗaga bahon ta leƙa ƙarƙashinsa.

"Baba Famfo, ina ramin shi?"

"Wane rami?"

"Inda ruwa zai fita."

"In na huda shi ai zai jiƙa siminti."

"To, ga shi siminti ya tsira." Ta ajiye bahon, ta dubi tagar da labulen. "Wannan ɗaki, ko ni aka rufe a ciki kwana goma zan ruɓe. Mama, yaya kike numfashi?"

Dada ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Maman Bulus ta yi mini bayani cewa ciwo ne, dangin fumfunar da ke kama tuwon da ya kwana, yana zaune a cikin ƙasa da jikin tsohon mazubi, ido ba ya ganinsa. Abin da yake so shi ne laima, duhu, da iskar da ba ta motsi, kuma duk na haɗa masa su na ƙara masa da ɗanyen taki. Ta ce idan ya kama tsiro babu magani, sai dai a hana shi zuwa tun farko. Na ɗauko biro na juya bayan kalanda, na ce ta faɗa mini ɗaya bayan ɗaya, kada ta tsallake. Ta ce ai ko a coci ba a taɓa rubuta maganarta ba.

Ga abin da na yi washegari, a jere. Na kwashe tsohuwar ƙasar na kai ta can bayan gari. Na samo ƙananan robobi uku maimakon baho ɗaya, don in ciwo ya shiga ɗaya kada ya ci duka. Na wanke su da sabulu, na ɗauraye da tafasasshen ruwa, na huda gindin kowace da ƙusa mai zafi, na kife su a rana. Na ɗebo sabuwar ƙasa daga inda ba a taɓa shuka barkono ko tumatir ba, na haɗa da yashi da ɗan tsohon takin da ya riga ya zama gari, na tankaɗe da rariya. Sai na yayyafa mata ruwa kaɗan, na zuba a babban kaskon da Dada ke suyar gyaɗa, na hura wuta, na rufe, ina buɗewa ina juyawa har tururi ya ratsa ta ko'ina, wajen rabin awa. Hayaƙi ya hana ni yi a madafa, dole na yi a ƙofar gida. Malam Iliya tela ya zo wucewa ya tsaya.

"Garba Famfo, ritaya ta kai ka ga cin ƙasa?"

"Magani nake yi."

"To in ta nuna a sa mini gishiri a nawa."

Kafin la'asar duk layinmu an san Garba Famfo ya soya ƙasa. Wannan bai dame ni ba kamar sharaɗinta na ƙarshe. Ta ce robobin ba za su zauna a ɗakin ba, sai a baranda, inda rufi zai tare ruwan sama amma hantsi da iska za su same su. Na yini ina juya maganar. In na bar su a ɗaki, za su mutu. In na fitar da su, Dada ba za ta gan su ba, alhali dominta aka yi. Hanya ta uku ita ce a riƙa fito da ita, kuma marka ta kama, kullum gari a lulluɓe da sanyin ruwa. Likita ya taɓa cewa a riƙa zaunar da ita a waje, ni na ƙi, domin tsoro nake ji. Na je na zayyana mata hanyoyin uku. Ba ta bari na gama ba.

"Malam, a ruga aka haife ni. Ni da iska mun san juna."

Na ƙirga irin da ya rage, ƙwaya arba'in da ɗaya. Da ƙasar ta huce na shuka su ɗaya-ɗaya, tsakaninsu faɗin yatsa biyu, ban binne da zurfi ba, na barbaɗa busasshen yashi a sama. Washegari da hantsi na kira Zuwaira. Ya kamata in ba ta haƙuri a ranar, ban ba ta ba. Cewa kawai na yi ta kama ɗaya hannun kujerar. Muka ɗauko Dada, ni a dama ita a hagu, muka ajiye ta a baranda kusa da bencin da robobin suke. Wata bakwai rabonta da ganin tsakar gidanta. Abu na farko da ta ce shi ne an bar turmi a cikin ruwa.

Daga ranar aka karɓe ban ruwa daga hannun agogona aka ba yatsan Dada. Kowace safiya zan miƙa mata roba, ta tsoma manuninta na hagu. In ta ji laima ta girgiza kai. In ta ji ya bushe, in zuba ruwa a faranti in ɗora robar a kai ta sha ta ƙasa, in ɗauke ta bayan ɗan lokaci in zubar da saura. Ba a jiƙa saman, ba a ba da ruwa da yamma. Akwai lokacin da aka yi kwana uku tana girgiza kai. Ban taɓa shan wuya irin ta kwana ukun nan ba. Ƙarfe sha biyu na yi sai in ga kaina a baranda da buta, ina kaiwa ina komowa.

"Malam," in ji ta, "tafi ka yi alwala da butar nan."

A mako na biyu mura ta kama ta, da tari da ɗan zazzaɓi. Sani ya zo ya same ta a baranda a lulluɓe da bargo, ya ja ni gefe, ransa a ɓace.

"Baba, saboda barkono za a kashe mana uwa?"

Ban tsawata masa ba, domin tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Muka kai ta aka duba ta aka ba da magani. Da muka dawo na ce an gama fita. Ta ce to, amma ba za ta ci abinci a ɗaki ba. Ta cika maganarta tun daga karin safe har la'asar. Na kira Zuwaira muka ɗauki kujera. Murar ta yi kwana takwas ta tafi, amma a kwanakin nan na san cewa da abin ya juya, ni ne na fito da ita, kuma babu abin da zan ce muku.

Ashirin da shida suka fito, gajeru, masu kauri, ba dogaye farare irin na ɗaki ba. Rana ta shida, a robar tsakiya, ɗaya ya kwanta. Na ga gindin, na gane shi. Maman Bulus ta riga ta faɗa mana abin yi: a cire shi da ƙasarsa da duk na kusa da shi, ko da lafiyarsu ƙalau. Na ɗauko cokali na tsaya. Huɗu ne a kewaye da shi, a tsaye, kyawawa, daga cikin irin da babu sauransa a kwalba. Hannuna ya ƙi. Dada ta miƙo nata ta karɓi cokalin. Zuwaira ta riƙe mata robar. Da hannun hagun da bai saba ba, ta haƙe biyar ɗin ta juye a takarda, ta ce a kai wuta. Shi ne aiki na farko da ta yi tun faɗuwarta. Muka cike ramin da busasshen yashi, muka ware robar can ƙarshen benci. Kwana bakwai ina fitowa da asuba ina ƙirgawa kafin in tafi masallaci. Ashirin da ɗaya. Ashirin da ɗaya. Babu wanda ya ƙara kwanciya.

Da suka yi mako shida, ruwa ya fara janyewa, na dasa su a bayan madafa na kewaye da ƙaya. Goma sha bakwai suka kama. Wata uku bayan haka Zuwaira ta tsinko na farko da suka yi ja, ta shanya, ta daka da kanta, uwarta na zaune tana faɗa mata abin da za ta ƙara. Aka yi miyar kuka. Dada ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, muna kallonta kamar ba mu kallo. Ta cinye malmala guda, ta suɗe yatsa, ta ce:

"Gishiri ya ɗan yi yawa."

Zuwaira ta fita da kwanon tana share ido da gefen mayafi. Dada ta ƙara shekara huɗu tare da mu, kuma ba ta sake yini a ɗaki ba sai a makonta na ƙarshe. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Zuwaira, abin da ban faɗa miki a baranda ba, ga shi na rubuta inda ƙannenki za su gani: na zalunce ki, ki yafe mini.

Tun daga lokacin ni nake shukawa kowace shekara. Bana na kasa ganin ƙwayar irin a tafin hannuna, sai da na lalubo ta da yatsa, kuma rabin abin da na ɗiba ya zube a ƙasa. Irin yana nan da yawa, kwalba biyu, amma duka a gida ɗaya, a hannun tsoho ɗaya, kuma haka aka kusa rasa shi.

Saboda haka ga roƙona gare ku, ku shida, da duk jikan da ya iya karatu har ya kawo nan. Idan damina mai zuwa ta yi tsaka, ku zo Inkil ranar Asabar ɗaya, kowa da robobinsa uku da ƙusarsa. Kada ku aiko a karɓar muku, kada ku ce in faɗa muku a waya. Ku zo da kanku ku hura wutar, ku juya ƙasar, ku tsoma yatsa ina zaune ina kallo. Kowa zai tafi da ƙwaya arba'in. Ku zo da wuri, ƙarfe bakwai zan fara.